Kance Ba a Arewa Take Ba

Da asubar wata rana cikin hunturu, lokacin da sanyin Agadas ke ratsa ƙashi, Inna Mai Tuwo ta zo hura wuta a rumfarta da ke bakin tasha, sai ta tarar da wani abu a dunƙule jikin murhu. Ta ɗauka kare ne ya biyo ɗumin toka. Har ta ɗaga itace za ta kore shi, sai ta ga ƙafa, ƙafar mutum, ƙarama, duk kaushi ya tsattsaga ta, ɗaya da silifa shuɗi, ɗaya kuma babu komai.

Yaro ne, bai wuce shekara tara ko goma ba. Rigar sanyi ce ta manya a jikinsa, ta sauko masa har gwiwa. Da ya farka bai yi kuka ba, bai kuma zabura ya gudu ba. Hannu kawai ya miƙo mata, tafin a sama, kai a karkace, ido a ƙasa. Inna ta shekara ashirin tana sayar da abinci a tasha, ta ga masu bara iri-iri, amma ba ta taɓa ganin hannun da ya riga mai shi farkawa ba.

"Ɗan nan, daga ina?"

Shiru.

"Ɗan gidan wane ne kai?"

Shiru. Ta gwada shi da ɗan Buzancin da ta tsinta a bakin masu ciniki, ta kira mai shayi ya yi masa Zabarmanci, duk a banza. Sai ta bar tambaya, ta ɗumama sauran tuwon jiya ta ajiye masa. Ya ci rabi da sauri kamar ana binsa, ya tsaya, ya waiga hagu da dama, sannan ya ƙulle sauran rabin a leda ya cusa cikin aljihun rigar sanyin.

Da rana ta ɗaga, Sarkin Tasha ya zo shan koko. Dattijo ne da ya yi tuƙi shekara da shekaru tsakanin Agadas da Arlit kafin idonsa ya yi rauni. Kallo ɗaya ya yi wa rigar yaron ya ce, "Wannan ɗan ayari ne. Jiya da la'asar motocin Asamaka suka sauke mutane."

Duk mai zama a Agadas ya san wannan ayari. Tun ƙarshen shekarar 2014, bayan yarjejeniyar da aka ƙulla tsakanin Nijar da Aljeriya, ake kwaso 'yan Nijar da aka kama a garuruwan Aljeriya, a loda su a manyan motoci, a ƙetaro da su ta Asamaka, a sauke su a Agadas kafin a wuce da su garuruwansu. Da yawansu mata ne da ƙananan yara, kuma in ka tambayi asalinsu za ka yi ta jin suna ɗaya: Kance, can kudancin Damagaram, kusa da iyakar Najeriya.

"To ina uwarsa?" in ji Inna.

"Allah Shi ya sani. Ki riƙe shi ya wartsake, wani zai zo nema."

Ta riƙe shi. Ta kai shi gida da daddare, ta dafa ruwa ta wanke shi, ta shafa masa man kaɗe a ƙafa, ta shimfiɗa masa tabarma a ɗakin autanta, wanda ya tafi Libiya shekara huɗu ke nan ko waya bai taɓa bugowa ba. Da yake yaron ya ƙi faɗin sunansa, sai ta sa masa Ɗan Asuba, tasha duka ta ɗauka.

Kwana uku da zuwansa, ba tare da an sa shi ba, ya ja bokiti ya fara wanke kwanuka. Ya iya aiki, ba ya wasa, ba ya ƙorafi, ba ya satar nama a tukunya. Dama yarinyar da ke yi wa Inna wanke-wanke a kan jika biyar a wata ta yi aure, an bar ta da tulin kwanuka da ciwon baya. Ga shi Allah ya kawo mata hannu. Tun kiran sallar farko yake tashi ya ɗebo ruwa, ya wanke, ya kai wa direbobi abinci bakin mota, ya karɓo kuɗi ko dala ba ta ɓata. Sai bayan isha suke komawa gida.

Ban ce Inna muguwa ce ba, kuma duk wanda ya ce haka bai san ta ba. Tana son yaron da gaske. Amma zuciyar ɗan Adam gwanar lissafi ce a ɓoye, takan haɗa tausayi da riba a ƙwarya ɗaya ta dama, har mai ita ya kasa gane wanne yake sha. Duk lokacin da tunani ya zo mata cewa ya kamata ta kai maganar yaron wani wuri, sai wata murya ta ce, ai yana ci yana ƙoshi, yana kwana a ɗaki, me ya rage? Gobe. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama mako uku.

Abu biyu kawai ke damunta. Ɗaya, kullum sai ya raba abincinsa biyu ya ɓoye rabi, har ɗakin ya fara tsami, ta riƙa zaro ƙullin leda daga ƙarƙashin tabarma tana zubarwa. Na biyu, cikin barci yakan yi magana, da Hausa tsantsa irin ta mutanen kudu: "Riƙe rigata. Na ce ki riƙe rigata."

Ranar da ya cika kwana ashirin da biyu, wajen azahar, tasha ta cika ta batse, wani mutum ya tsaya bakin rumfa. Shadda ce a jikinsa mai maiƙo, ga ƙamshin turare, ga waya biyu a hannu. Bai nemi abinci ba. Ya leƙa bayan rumfa inda yaron ke tsugune gaban bokiti, ya ɗaga murya:

"Lawali!"

Kwanon da ke hannun yaron ya faɗi. A nan Inna ta fara jin sunansa, daga bakin baƙo, bayan mako uku yana kwana a gidanta.

"Alhamdu lillahi! Hajiya, Allah ya saka miki da alheri. Ɗan yayata ne, ni kawunsa ne. Tun da na ji an kwaso su nake yawo, ba inda ban shiga ba a garin nan." Ya faɗi sunan ƙauyensu, ya faɗi sunan uban yaron da na uwarsa, har da na mai garinsu. Inna ta dubi yaron. "Ka san shi?" Ya gyaɗa kai. "Wane ne?" A hankali, da muryar da ta daɗe ba ta fita ba, ya ce, "Kawu."

Mutumin ya durƙusa ya raɗa masa wata magana a kunne. Inna ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, fuskar yaron ta washe, ya miƙe tsaye, ya goge hannu a riga, ya kama gefen shaddar mutumin. Shi kuwa ya zaro jika goma ya ɗora a kan tebur. "Ga wannan, Hajiya, kya sayi sabulu. Ba biyanki na yi ba."

Masu cin abinci suka shiga sa albarka. Wani ya ce ai naka sai naka. Wani ya ce Inna ta samu lada, yau Allah ya yanke wa yaro wahala. Ita ma ta buɗe baki za ta ce a sauka lafiya. Me ya tsayar da ita? Daga baya da aka tambaye ta, cewa ta yi kuɗin ne. Mutumin da ya fito daga ƙauyen da yunwa ta kori yara, ya shafe makonni yana yawon nema, a ina ya samu jika goma ta sabulu? Kuma ga shi ko sau ɗaya bai tambayi yaron ya jikinsa ba, bai dubi ƙafarsa ba.

"Malam, bari ya ci abinci tukuna, hanya da nisa. Zauna kai ma a zuba maka." Ta yafito wani almajiri ta ce ya kira mata Sarkin Tasha. Sannan, tana kwasar tuwo kamar hira take, ta ce, "Wace mota za ku hau?"

"Ta Damagaram mana, Hajiya."

Wani ɗan kamasho da ke sharɓar miya a ƙarshen benci ya ɗago kai. "A'a, Alhaji, ba kai ne ka ba ni kuɗin kujera biyu ɗazu ba? Motar Arlit fa ka ce."

Rumfar ta yi tsit. Mutumin ya yi dariyar yaƙe. "E, haka ne. Akwai ɗan saƙon da zan karɓa a Arlit, kwana ɗaya mu juyo."

Inna ta ajiye mara. "Bawan Allah, ni ban yi lakwal ba. Amma shekara ashirin ina zaune a nan ina kallon motoci, na san wadda ke yin kudu, na san wadda ke yin arewa. Kance ba a arewa take ba."

"Hajiya, ɗanmu ne fa. Ke me ya haɗa ki da shi?"

"Babu. Shi ya sa ba zan ba da abin da ba nawa ba sai na ji daga mai shi. Ga waya har biyu a hannunka, kira uwarsa mu gaisa."

Ya ce waya ba ta kamawa a ƙauyen. Ta ce to a kira wani a Matamaye ya kai saƙo, za su jira ko kwana nawa ne. Ya ce ba shi da lokacin jira. Daidai nan Sarkin Tasha ya iso yana dogara sanda, aka mayar masa da yadda aka yi. Mutane suka rabu biyu, wasu na cewa Inna ta cika taurin kai, ai yaron da bakinsa ya ce kawunsa ne, wani ma ya yi gunaguni cewa ɗan wanke-wankenta take jin rabuwa da shi. Wannan maganar ta soke ta, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Dattijon ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ina Arlit a watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinto gawa 92 a hamada, a hanyar Tamanrasat. Motocinsu biyu ne suka mutu, ƙishirwa ta gama da su. Cikinsu 52 yara ne, 33 mata, 7 maza. Ƙasar nan ta yi kwana uku tana makoki. Yaran nan duka, wani babba ne ya riƙo hannunsu ya sa su a mota, kuma duk wanda ya gan su a tasha ya ɗauka nasu ne ya riƙo su." Ya juya ga mai shadda. "In kawunsa ne kai, abu mai sauƙi. Komisariya ba ta da nisa. Mu taka tare, a rubuta sunanka da nasa, sai ku tafi da takarda a hannu."

Mutumin ya ce to, ba damuwa, bari ya kama ruwa ya dawo. Ya ɗauke jika gomansa daga kan tebur, ya ratsa tsakanin motoci. Har yau bai gama kama ruwan ba.

Da yaron ya gane ba zai dawo ba, sai ya zama wani abu daban. Ya yi kururuwa, ya zabura zai bi shi, Inna ta riƙe shi, ya gantsara mata cizo a hannu har jini ya fito. "Ki sake ni! Wajen Rabi zai kai ni! Ya ce Rabi tana kuka tana kirana! Ki sake ni!" Ba ta sake shi ba. Ta rungume shi yana dukanta, har ƙarfinsa ya ƙare.

A daren nan ya yi magana, gutsure-gutsure, fuskarsa na kallon bango. Hatsin da suka noma wata uku ya yi ya ƙare. Babansu ya tafi cin rani Najeriya, shiru. Sai wata mata daga ƙauyen gaba ta zo wajen innarsu, ta ce a ba ta yara biyu ta tafi da su, za ta riƙa aiko da kuɗi. Ta sauke buhun hatsi biyu a tsakar gida tun kafin a amsa mata. Shi da ƙanwarsa Rabi, 'yar shekara biyar, aka sa su a mota. Mai shaddar nan shi ke shirya motoci, kuma duk yaran da ke tafiyar an ce su riƙa kiransa kawu, matar kuma su ce innarsu ce. Sun wuce Tamanrasat, suka yi ta tafiya har wani gari mai teku. Can aka koya musu tsayuwa a bakin danja da miƙa hannu. Da yamma matar ta ƙirga abin da kowa ya samo, wanda nasa ya gaza ba shi da abincin dare. Rabi ba ta iya ba, kunya take ji, shi ya sa yake raba nasa biyu.

Ranar da aka kama shi, ya ce mata ta tsaya jikin wani shago, ya tsallaka titi sayen burodi. Yana fitowa 'yan sanda suka damƙe shi. Ta tagar mota ya hango ta tsaye inda ya bar ta.

"To me ya sa ka ƙi faɗin sunanka, ɗana?"

"Matar nan ta ce duk wanda ya gaya wa mai takarda sunansa, za a je a kama innarsa a ɗaure."

Shi ya sa da aka sauke su a Agadas, ya ga mutane da takardu da biro suna jera su layi, ya sulale ta ƙarƙashin mota ya bi duhu.

Washegari Inna ba ta ɗora tukunya ba, abin da ba ta taɓa yi ba sai ranar sallah. Ita da Sarkin Tasha suka kai yaron ofishin kare yara na jiha. Wata matashiya suka tarar, sa'ar 'yar Inna ta biyu. Ta saurari labarin har ƙarshe, ta duba cizon da ke hannun Inna, ta ce, "Inna, abin da kika yi jiya ba kowa zai iya ba. Kin tsare ran yaron nan. Kwana nawa ya yi a wajenki?"

"Yau ashirin da uku."

Matashiyar ta ɗan yi shiru. Ba faɗa ta yi ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. "Ayarin da ya zo da shi ya isa Damagaram tun tuni. Mutanen ƙauyensu da ke ciki sun koma gida. Ƙila sun gaya wa uwarsa an gan shi a mota, amma ba a gan shi a sauka ba. Kwana ashirin da uku ke nan ita ma tana ƙirgawa. Kuma kwana ashirin da uku ba wanda ya san akwai wata yarinya da ake kira Rabi, balle a neme ta."

Inna ta sunkuyar da kai. Ta tuna autanta na Libiya, ta tuna yadda take zabura duk lokacin da wayarta ta yi ƙara. Ashe abin da ake yi mata shi ta yi wa wata.

Matashiyar ba ta zauna a kujera ta yi wa yaron tambaya ba. Tabarma ta shimfiɗa, ta zauna ƙasa kusa da shi, ta ba shi farar takarda da fensir ta ce ya zana mata gidansu. Ya zana ɗaki biyu da rumbu da bishiyar gawo. Ta ce wa ke kwana a nan, wa ke kwana a can. Sai da ya saki jiki sannan ta ce, "Lawali, dubi idona. Ba wanda zai ɗaure innarka don ka faɗi sunanka. Ƙarya aka yi maka don kada a gano ku." Ta tambaye shi abin da shi yake so, ya ce Rabi, sannan gida. Ta rubuta. Ta tambaye shi kamannin Rabi dalla-dalla, tsawonta, hasken fatarta, ko tana da tsaga. Ya ce tana da tabon ƙuna a bayan ƙafar hagu, kunu ne ya zubo mata tun tana rarrafe. Ta rubuta wannan ma, ta ja masa layi.

Ta bayyana wa Inna cewa a doka, a yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 da ta ƙasashen Afirka ta 1990, duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne, ɗan ƙasa ne ko baƙo, da takarda ko babu, kuma abin da ya fi masa alheri shi ake fara dubawa, ba abin da ya fi wa manya sauƙi ba. Alƙalin yara ne zai sa hannu a kan inda zai zauna kafin a gano danginsa. "In kin yarda, zan roƙa a bar shi a wajenki, tunda ya saba da ke. Amma da sharaɗi. Wanke-wanken asuba zuwa isha ya ƙare."

Inna ta ɗan harzuƙa. "Yanzu wanke kwano laifi ne? Mu da shi aka rene mu."

"Ba laifi ba ne, Inna. Ɗan gida ma yana wanke kwano. Amma ɗan gida in ya gaji yakan ce ya gaji, don ya san ba za a kore shi ba. Wannan kin taɓa jin ya ce ya gaji?"

Ba ta taɓa ji ba. A ranar ta nemi wata yarinya babba ta ɗauke ta aiki a kan jika shida.

Kullum da safe ta riƙa raka shi wajen da ake tara yara irinsa, su yi wasa, a koya musu baƙaƙe, likita ya duba su. A irin wannan zirga-zirga ne ta fara lura da mutanen da ke zaune a bakin sansanin hukumar kula da ƙaura ta duniya, wadda a Nijar ake kira OIM. Da can in ta gan su a gari cewa take 'yan tafiya ne, ba ta ƙara kallo. Yanzu da ta duba da kyau sai ta ga wasu ko gemu ba su fara ba, 'yan Gini, 'yan Mali, masu shekara goma sha biyar, sha shida, ba Hausa, ba dangi. Su ba a kawo su har gari. A wani fili da ake kira Fuwan Zero ake zubar da su, su tako wajen kilomita 15 cikin rairayi kafin su ga Asamaka. Ɗaya daga cikinsu ya riƙa zuwa rumfarta yana tsayawa nesa. Ta zuba masa shinkafa da wake, sannan, wannan karon tun a ranar farko, ta nemo mai jin Faransanci ya tambaye shi sunansa, da ko akwai wanda ya rubuta shi.

Neman dangin Lawali kwana tara ya ɗauka. Daga Agadas aka kira ofishin Damagaram, su suka kira na Matamaye, wani ma'aikaci ya hau babur ya je ƙauyen ya sami mai gari. Ashe waya tana kamawa sarai, in an hau tudun bayan makabarta. Ranar da aka haɗa su, yaron ya riƙe wayar da hannu biyu, ya kasa cewa komai sai "Inna... Inna..." Daga can ɓangaren kuwa ba a jin komai sai kuka da salati. An riga an yi masa sadakar uku.

Inna Mai Tuwo ta ɗauka washegari za a sa shi a mota. Ba a yi haka ba. Sai da ma'aikacin ya koma gidan ya zauna da uwar da mai gari, aka yi magana ta gaskiya: in ya dawo me zai ci, kuma wa ya tabbatar ba za a sake miƙa shi ba in rani ya yi tsanani? Mai da yaro gida ba tare da wannan tambaya ba, kamar mai da tsuntsu ne cikin sheƙar da maciji ya sani.

Da farko Inna ta ƙullaci uwar. Wace irin uwa ce za ta ba da 'ya'ya biyu a kan buhu biyu? Sai da suka yi magana a waya, matar ta ce mata, "Yaya, bakwai gare ni. Na ga kamar in biyu sun tafi, biyar za su rayu, su ma biyun za su ci abinci a can. Wallahi tun da motar ta tashi ban ƙara barci mai daɗi ba." Inna ba ta ce ta yi daidai ba, ni ma ban ce ba. Akwai ma waɗanda ba yunwa ke sa su ba, ƙyashin maƙwabciyar da ta dawo ta yi ginin siminti ne. Amma gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabonta, kuma zagin uwa daga bakin mai cikakken ciki bai taɓa cika rumbu ba. Aka sa sunan uwar Lawali cikin masu samun tallafi, aka ba ta awaki biyu, mai gari ya ɗauki alkawari a gaban shaidu, shugaban makarantar ƙauyen ya rubuta sunan Lawali.

Ranar tafiya Inna ta saya masa takalmi sabo, ƙafa biyu iri ɗaya. Ta zuba masa tuwo da miyar kuka da tsoka biyu. Ya ci rabi, ya tsaya, hannunsa ya nufi leda. Ta dafa hannun. "Cinye, ɗana. Na Rabi yana wajen Allah, kuma yanzu an san da ita." Ya dube ta, ya dubi kwanon, ya cinye. Shi da ma'aikaci mai rakiya suka hau motar kudu, ta Adarbisanat da Tanut, tafiyar fiye da kilomita 400 kafin Damagaram. Ta tsaya har ƙurar motar ta kwanta, sannan ta koma ta zauna gaban murhu ta yi kukan da ta daɗe tana bin kanta bashi.

Wata bakwai bayan haka, matashiyar ofishin ta zo rumfar da tsakar rana, ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Inna, an same ta."

Wani ayari ne ya sauka. A cikin layi akwai wata mata da yara huɗu, ta ce duka nata ne, yaran ma suka ce innarsu ce. Da an wuce da su haka nan. Amma mai rubutun ya tuna takardar da aka raba musu, mai layi a ƙarƙashin wata jimla. Ya durƙusa gaban ƙaramar cikinsu kamar zai gyara mata takalmi, ya duba bayan ƙafar hagu. Tabon yana nan. Aka ware yaran huɗu, matar kuma aka miƙa ta ga hukuma. Sauran ukun ma ba ko ɗaya da ta haifa.

Rabi ta kwana goma sha ɗaya a ɗakin autan Inna, da takardar alƙali, kafin a kai ta gida. Ba ta magana, Hausar ma ta fara kuɓuce mata. Ma'aikacin da ya raka ta ya ce da suka isa ƙauyen, Lawali ne ya fara hango su daga makaranta, ya sheƙo da gudu ya kama hannunta ya ɗora a gefen rigarsa, ta riƙe. Haka ya ja ta har tsakar gida. Uwar ta fito daga ɗaki, ta zube a gabanta tana kiran sunanta. Yarinyar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta saki rigar yayanta, ta karkata kai, ta miƙa hannu, tafin a sama, ta ce, "Sadaka."